Janar Biyu da Suka Ƙi Sauya Kaki

A cikin shekarar 1967 gwamnatin Malesiya ta yi wa manyan hafsoshinta biyu tayin da ba kasafai soja yakan ƙi ba. Firayim Minista Tunku Abdul Rahman da abokan shawararsa a birnin Kwala Lampur sun ƙudura cewa lokaci ya yi da 'yan ƙasa za su karɓi ragamar rundunar mayaƙan ruwa da ta mayaƙan sama daga hannun Turawan da aka aro. Da suka duba, sai suka ga babu wani ɗan ƙasa mai babban muƙami a cikin rundunonin nan biyu. Saboda haka suka juya ga mayaƙan ƙasa, suka nemi janar biyu su tuɓe kakinsu, ɗaya ya sa na ruwa, ɗaya ya sa na sama, kowanne ya zama shugaban runduna sukutum. Dukansu biyu suka ce a kai kasuwa.

Kafin a gane dalilin wannan tayi, da dalilin ƙinsa, sai an san cewa rundunonin uku ba tsara ba ne. Mayaƙan ƙasa su ne babban wa. Tun ran 1 ga watan Maris 1933 Ingilishi suka ɗauki kurata 25 a garin Port Dickson, suka kafa abin da ya zama Rejimantin Malay. Wannan runduna ta yi yaƙi da Japan a 1942, sa'an nan ta shafe shekara goma sha biyu, daga 1948 zuwa 1960, tana farautar 'yan tawayen kwaminis a cikin kurmi. Ko da aka sami mulkin kai a 1957 tana da hafsoshi 'yan ƙasa waɗanda suka ga jiya suka ga yau, har ma a 1964 ɗaya daga cikinsu, Janar Tunku Osman, ya zama ɗan ƙasa na farko da ya shugabanci askarawan Malesiya baki ɗaya.

Sauran biyun kuwa jarirai ne. Sai a watan Yuli 1958 Ingila ta miƙa wa sabuwar ƙasar rundunar ruwa, kuma babban sansaninta yana Woodlands a tsibirin Singafo, wanda ya fita daga tarayyar a 1965, watau rundunar ta wayi gari tana zaune a ƙasar wasu. Rundunar sama an kafa ta a watan Yuni 1958 a filin jirgin Sungai Besi da ke Kwala Lampur, da jirgi guda ɗaya tak samfurin Twin Pioneer, na ɗaukar kaya da mutane. Shugabanninsu duka aro ne: na sama daga Ingila, na ruwa kuma tun daga 1960 daga Ostareliya.

Rikicin da aka yi da Indonesiya daga 1963 zuwa 1966 shi ya nuna hatsarin wannan hali. Malesiya ƙasa ce da teku ya raba biyu, akwai ratar fiye da kilomita 600 tsakanin yankin da babban birni yake da jihohin Sabah da Sarawak. A watan Agusta 1964 dakarun Indonesiya suka ƙetaro ta ruwa suka sauka kusa da Pontian, a watan Satumba kuma wasu suka diro da laima a Labis. Galibin jiragen da suka tsare teku da sararin sama a lokacin na Ingila ne da Ostareliya da Niyu Zilan. Ana cikin haka, a watan Yuli 1967, gwamnatin London ta ba da sanarwar za ta janye sojojinta daga gabashin Suwez. Wanda ya dogara da bangon maƙwabci, ga shi an ce za a rushe bangon.

To, me ya hana janar ɗin nan biyu amsa kira? Dalili biyu aka ba da. Na farko, sun ce ba su da ilmin aikin. Na biyu, ba su so su ɓata tafiyarsu a rundunar da suka girma a ciki.

Dalili na farko ya fi yadda ake zato nauyi. Farar hula yakan ɗauka soja soja ne, bambancin launin tufafi ne kurum. Ba haka ba ne. Hafsan ruwa tun yana saurayi yake koyon lissafin hanya da taurari da taswira, ya tsaya gadi dare da rana a ɗakin tuƙi har a ba shi takardar shaidar cewa ana iya barin jirgi a hannunsa, daga nan ya riƙe ƙaramin jirgi kafin a ba shi babba. Matuƙin jirgin sama kuwa da yawan sa'o'in da ya yi a sama ake auna shi. Babu anini a kafaɗa da zai maye gurbin waɗannan. Janar ɗin da ya zo daga bariki zai iya sa hannu a takarda, amma ranar da jirgi ya kife ko ya faɗo, ba zai iya tantance ko laifin kwamanda ne, ko na inji, ko na umurnin da shi kansa ya bayar ba. Kuma na ƙasa da shi sun san haka.

Dalili na biyu na son kai ne, amma ba abin kunya ba ne. Kowace runduna tana da jerin sunayen hafsoshinta bisa ga wanda ya riga wani, kuma da wannan jeri ake ƙarin girma. Wanda ya fita daga layi, na bayansa sun matso ke nan. Ga shi kuma kujerar da ta fi kowace, ta shugaban askarawa duka, a hannun mayaƙan ƙasa take. Janar mai hangen wannan kujera, in ya koma shugabancin 'yan jiragen sintiri, ya yi sakin na hannu ne.

Da abin ya faskara, sai Tunku da Ministan Tsaro Tun Abdul Razak suka yi ƙundunbala, suka ɗauko samari daga cikin rundunonin kansu. Ran 1 ga watan Nuwamba 1967 Sulaiman Sujak ya karɓi rundunar sama yana da shekara 33. Shi ma ya taɓa sauya runduna, amma bai sauya sana'a ba: a kwalejin Cranwell ta Ingila ya yi horo, ya yi aiki a rundunar saman Ingila, sa'an nan ya komo gida a 1965. Wata guda bayan naɗinsa, ran 1 ga watan Disamba, K. Thanabalasingam ya karɓi rundunar ruwa yana da shekara 31. Haifaffen Kwala Lampur ne, daga zuriyar Tamil, ya shiga aikin ruwa a 1955, ya yi horo a kwalejin Dartmouth, ya kuma riƙe Hang Tuah, jirgin yaƙi mafi girma da ƙasar take da shi a lokacin. An yi ta ɗaga shi cikin hanzari har muƙamin Kwamado, wanda ya yi daidai da Birgediya. A rundunar Ingila sa'anninsa ba su wuce riƙon ƙananan jirage ba.

Kowannensu ya yi wajen shekara tara a kan kujera. A zamanin Sulaiman rundunar sama ta tashi daga jigilar kaya ta zama mai iya faɗa: jiragen Tebuan na Kanada, sai jiragen Sabre goma da Ostareliya ta bayar a 1969, sai F-5 na Amurka a 1975. A zamanin Thanabalasingam aka tsara gina sabon sansani a Lumut, inda rundunar ruwa ta tare a shekarun 1980. Sai dai hawan gaggawa yana da kuɗinsa. Thanabalasingam ya ajiye aiki a 1976 yana da shekara 40, shekarun da yawancin hafsoshi suke fara jin ƙanshin manyan muƙamai.

Mai karatu a Nijeriya zai ga cewa ƙasarsa ta tsaya a wannan mararraba kusan a lokaci guda, amma ta bi ɗaya hanyar. An kafa rundunar saman Nijeriya a 1964 da taimakon Jamus ta Yamma, shugabanninta biyu na farko Jamusawa ne, Kanar Gerhard Kahtz da Kanar Wolfgang Thimmig. Da Jamusawa suka sauka a 1966, daga mayaƙan ƙasa aka ɗauko magada: George Kurubo, sai Shittu Alao, wanda ya koyi tuƙi bayan ya sauya runduna, ya kuma rasu a hatsarin jirgin da yake tuƙawa a watan Oktoba 1969, ana tsakiyar yaƙin basasa, sai Emmanuel Ikwue. Sai a 1975 John Yisa-Doko, ɗaya daga cikin samarin da aka tura Habasha koyon tuƙi a 1962, ya zama shugaba na farko da ya tashi a cikin rundunar tun daga tushe. Ba za a ce Nijeriya ta yi kuskure ba, don rundunarta ba ta kai shekara biyu ba sa'ad da aka bar mata kanta, ba ta da wani Sulaiman da za ta ɗauko. Amma rundunar ta daɗe tana zaman ƙanwa, har da sunayen muƙaman mayaƙan ƙasa take amfani sai a tsakiyar shekarun 1970.

Kada kuma a ɗauka sauya runduna ba ya haifar da ɗa mai ido. Hugh Trenchard, wanda ake kira uban rundunar saman Ingila, sojan ƙasa ne da ya yi shekaru yana aiki a kudancin Nijeriya, shi ne ma aka sa wa babban zauren Jami'ar Ibadan sunansa. A 1912 ya koyi tuƙin jirgi yana da shekara 39, saura kaɗan ya wuce iyakar shekarun da aka ƙayyade. Bambancin shi ne Trenchard ya shiga ta ƙofar ɗalibai, a zamanin da kowa ɗan koyo ne, shekara shida kafin ya zama shugaba a 1918. Janar ɗin Kwala Lampur kuwa ta saman katanga aka nemi su shiga, su zauna bisa mutanen da suka fi su sanin aikin.

Lissafin da suka yi game da babbar kujera bai karkace ba. Ta ci gaba da zama a hannun mayaƙan ƙasa har shekara 38 bayan wancan tayi. Sai a 2005 wani hafsan ruwa, Admiral Mohd Anwar Mohd Nor, ya zama shugaban askarawan Malesiya duka, a 2009 kuma Janar Azizan Ariffin na mayaƙan sama ya hau kujerar.