Masaƙun Kaduna da Aikin da Ya Koma Legas

A shekarun 1970, jiniyar masaƙa ce agogon mutanen Kakuri da Makera a kudancin birnin Kaduna. Da ta kaɗa sai titi ya cika maƙil, masu tashi daga aikin dare suna kiciɓis da masu shiga na safe.

Gwamnatin Sardauna ce ta aza harsashin, da haɗin gwiwar kamfanin David Whitehead na Ingila, masaƙar KTL ta fara saƙa a 1957. Nortex ta biyo baya, sai Arewa Textiles mai jarin Japanawa, da UNTL ta Cha Chi Ming, attajirin Hong Kong. Ga auduga a Funtuwa da Gusau da Malumfashi, ga jirgin ƙasa, ga ruwan kogin Kaduna, gwamnati kuma ta tsare ƙofa kada yadin waje ya shigo. Albashin ma'aikaci guda kan kai ga mai tuwo da mai gidan haya da tela, har da manomin da bai taɓa ganin Kaduna ba.

Sai dai tsarin tattalin arziki na SAP na 1986 ya karya darajar naira, sinadarin rini da kayan gyaran injuna suka yi tashin gwauron zabo. Wutar NEPA ta zama sai an ga dama, baƙin man matatar Kaduna ya yi wuyar samu. A 1997 aka ɗage haramcin shigo da yadi, atamfar Sin mai araha ta cika kasuwar Kantin Kwari ta Kano, wata ta kwastan, wata ta hannun 'yan fasa-ƙwauri. KTL ta rufe a 2002, UNTL a 2007.

Legas ma ta rasa masaƙu, irin su Afprint da Aswani. Amma tana da tashar jiragen ruwa ta Apapa, tana da bututun iskar gas daga Escravos, ga hedikwatocin bankuna, ga kamfanonin wayar salula tun 2001. Wanda aka sallama a can yana da ƙofar da zai ƙwanƙwasa. Takwaransa na Kakuri kuwa, sau da yawa acaɓa ya kama, wasu ma har suka rasu haƙƙinsu na sallama bai zo hannu ba. Abin da ciwo.

Ba ragwanci ne ya raba Arewa da aikin masana'anta ba. Tsadar wuta ce da nisa daga teku, ga kuma gwamnatocin da suka janye kariya ba su tanadi madadi ba. A 2020 aka ƙaddamar da aikin bututun gas na Ajaokuta zuwa Kaduna da Kano. Wajibi ne gwamnonin Arewa su tsaya tsayin daka har gas ɗin ya shiga masana'antun Kakuri da na Sharaɗa ta Kano.