Ragar waya a cikin amya: shingen da ke tare sarauniyar zuma

Shingen sarauniya wani faifai ne mai ƙananan ƙofofi da masu kiwon zuma ke sawa a cikin amya don raba ta gida biyu. Ƙudajen da ke aikin tara zuma suna ratsawa, amma sarauniya ba ta iya wucewa saboda ƙirjinta ya fi nasu kauri. Ta haka ƙwai da ƴaƴa ke zama a ɓangare guda, zuma zalla kuma ta taru a ɗayan. Ranar ɗiba ba a lalata ƴaƴan, zumar kuma tana fita da tsabta, ta yi daraja a kasuwa.

Shingen da masana'antu ke ƙerawa na ƙarfe ne ko na roba, faɗin ƙofofinsa kusan milimita 4,2. Da yake bai cika samuwa a shagunan kusa ba, wasu makiyaya na amfani da ragar waya a madadinsa. Wadda ta dace ita ce mai ido 5 a kowane inci, wato a milimita 25,4. Idan aka cire kaurin wayar, kowane ido yana barin fili kusan milimita 4. A gabashin Afirka, irin wannan raga da ake tankaɗe ƙwayar kofi da ita ta daɗe tana wannan aiki. Raga mai ido 8 ba ta barin ko ƙuda ɗaya ya wuce, mai manyan idanu kuwa sarauniya na ratsa ta cikin sauƙi.

Yadda ake sa ta ya danganta da irin amyar. A amyar Kenya mai sanduna, ana kafa ragar a jikin katako, a tsayar da ita tsakanin saƙar ƴaƴa da ta zuma. A amyar Langstroth, shimfiɗa ta ake yi a kwance tsakanin akwatin ƙasa da na sama. Dole ta rufe ko'ina, domin ƙaramar kafa a gefe ta isa sarauniya ta bi.

Ragar tana da nata aibi. Idanunta ba su cika zama daidai ba, kuma ƙudan zuman Sahel ƙanana ne, don haka siririyar sarauniya, musamman wadda ba ta fara ƙwai ba, takan kuɓuce. Wayar na kakkaɓe garin fure daga ƙafafun ƙudaje, mai kaifi ko tsatsa kuma na yaga fikafikansu. Mazan zuma ba sa wucewa, kuma idan suka maƙale sukan mutu su toshe hanya.

Shi ya sa ake zaɓen waya mai santsi wadda ba ta tsatsa, a auna idonta tun kafin saye. Ana sa shingen lokacin da furanni suka yawaita, a cire bayan ɗiba. Bayan mako guda da sawa, ana duba ɓangaren zuma. Ganin ƙwai a can alama ce sarauniya ta ratsa, sai a maido ta a kuma canza ragar.