Hayaƙin Fabrairu a hanyar Wida

A ƙarshen Fabrairun bara ina dawowa daga Wida zuwa Kwatano, sai hayaƙi ya rufe mana hanya har direba ya kunna fitila da rana tsaka. Ciyawa ce ke ci a bakin fadama, samari kuma sun ja daga da sanduna suna jiran gyazbi, wanda mutanen nan ke kira aguti. Da na iso Misebo na ba wani dattijo ɗan gwanjo labari, sai ya yi dariya ya ce, "Ɗana, wutar nan ai ta girmi Zongo."

Gaskiyarsa ce. Daga wajen Akara zuwa kudancin Benin, kurmin da ya lulluɓe gaɓar Afirka ta Yamma ya tsinke, filin ciyawa ya gangaro har bakin teku. Masana suna kiran wurin giɓin Dahome. Ƙarancin ruwan sama ne ya buɗe shi shekaru dubbai da suka wuce, manoma da mafarauta kuma suka hana shi rufewa da wutar da suke sa wa daji kowane rani. Ranin nan daga Disamba yake kamawa zuwa Maris. Hunturu ya busar da ciyawa, zafin bazara ya biyo baya, ƙyastu ɗaya ya isa.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne abin da filin ya jawo. Doki ba ya yaƙi a kurmi, amma a nan ya samu sarari. Tsakanin 1726 da 1730 mahayan Oyo sun yi ta afka wa Dahome a zamanin Sarki Agaja, da rani suke zuwa, har aka kai ga Dahome tana biyan Oyo gandu, sai Sarki Gezo ya yanke shi wajen 1823. Dawakan daga arewa ake sayo su, kuma cikin masu kula da su akwai Hausawa, da yawansu bayi. Ba na jin daɗin faɗar wannan a rediyo, amma yana cikin tarihin zuwanmu wannan yanki, kafin fatake su kafa zanguna.

Dokar gandun daji ta 1993 ta yarda da ƙuna da wuri, tun ciyawa tana da ɗanyenta, ta hana ta ƙarshen rani. Sai dai filin da Agaja ya sani yanzu gidaje ne, daga Kalabi har Pahu, ga kwalaben fetur na kpayo jere a bakin titi. Wutar da na gani ranar nan ta ƙarshen rani ce, kuma taku kaɗan ne tsakaninta da teburin wata mai sayar da man.