Man Dizal da Gonakin Gadarif

Ummu Rakuba, inda aka sake buɗe sansanin 'yan gudun hijirar Habasha a watan Nuwamba na 2020, tana cikin jihar Gadarif ne, rumbun dawa da riɗi na ƙasar Sudan, wurin da jikokin Hausawa mahajjata suka daɗe da zama. Wannan rumbu kuwa da ƙarfin man dizal ake cika shi.

A tsakiyar shekarun 1940 Turawan Ingila suka shigo da tarakta yankin, domin noma abincin sojojinsu. Baƙar lakar da ke wahalar da fartanya ba ta gagari inji ba. A 1968 gwamnati ta kafa hukumar noman inji, aka yi ta rarraba manyan filaye. Hatsi ya yawaita, amma ba a banza ba: aka share dazuzzukan da ake samun ƙaro a cikinsu, burtalan makiyaya suka tsuke, ƙasa ta gaji da shukar dawa shekara bayan shekara.

Sudan ta fara sayar da ɗanyen mai a ƙetare a 1999. Da Kudu ta ɓalle a 2011, sai ta tafi da kusan kashi uku cikin huɗu na man. Daga nan manomin Gadarif ya san layin dizal a farkon damina, ga ruwa ya sauka, ga tarakta a tsaye.