Gyambon Kakata da Tarihin Ɗaurin Ƙafa

A garinmu Geza, cikin ƙaramar hukumar Bagudo ta jihar Kebbi, na tashi na tarar da kakata da gyambo a saman idon sawunta na hagu. Ta yi ƙuruciyarta a tsaye, daga bakin turmi zuwa bakin murhu, kuma ta haifi 'ya'ya tara. Da la'asar ƙafar takan kumbura, jijiyoyinta su yi ruɗu-ruɗu, fatar ta yi duhu. Wasu suka ce an ɗauki sawunta ne, wasu suka ce tundurmi ne. Wanzami ya yi mata ƙaho, an barbaɗa garin saiwoyi, har an tsallaka da ita Segbana ta ƙasar Benin neman magani. Kuɗin shinkafar damina biyu suka tafi, gyambon yana nan. Wannan ne ya sa da na je jami'a na bi sawun tarihin ciwon.

Na tarar ciwon tsoho ne. Tun zamanin Hippokratis, likitan Girka, an lura da alaƙar gyambon ƙafa da kumburarrun jijiyoyi. Az-Zahrawi, likitan Musulmi na Andalus wanda ya rasu wajajen 1013, ya bayyana yadda ake fiɗar irin waɗannan jijiyoyi a littafinsa At-Tasrif. Sai dai ba a gane tushen ciwon ba tukuna. A 1603 Fabrishiyas na Jami'ar Faduwa a Italiya ya bayyana wasu 'yan marafai da ke cikin jijiyoyin jini. Ɗalibinsa Wiliyam Habi, mutumin Ingila, ya nuna a 1628 cewa jini zagayawa yake yi, kuma marafan nan su ke hana shi komawa baya.

A nan amsar take. Jinin ƙafa hawa yake yi zuwa zuciya, naman sha-raɓa yana tura shi duk lokacin da mutum ya taka. Idan marafan suka saki, saboda yawan tsayuwa, ko haihuwa, ko tsufa, ko daskarewar jini, sai jinin ya taru a ƙasa, ƙafa ta kumbura, fata ta raunana har ɗan ƙwarzane ya zama gyambo. Shi kuwa tundurmi daban yake: tsutsa ce da sauro ke yaɗawa, kamar yadda Fatrik Manson ya gano a 1877.

A ƙarshen ƙarni na 19, likitan fata Unna na birnin Hambag a Jamus ya fito da bandeji mai haɗin sinadarin zink, wanda ake naɗe ƙafa da shi daga tushen yatsu zuwa ƙasan gwiwa. Har yau matse ƙafa shi ne ginshiƙin magani, tare da wanke ciwon, da ɗaga ƙafa sama da saitin zuciya lokacin hutu, da tafiya. Amma wajibi ne likita ya fara auna jinin da ke sauka ƙafar, domin matsi yana da haɗari ga wanda hanyar jinin ta tsuke.

Da na kawo wannan bayani gida, kakata ta yi dariya.

"Maigidana, karatun naka duk a ƙyalle ya ƙare?"

Na ce, "Kaka, ki yi mini alfarmar wata uku."

Muka je asibiti aka auna ta, aka fara ɗauri, ƙanwata tana ɗora mata ƙafa a kan buhu kowace azahar. A wata na huɗu bakin gyambon ya haɗe, ta tsaya sallah da ƙafafunta.

Har yanzu ranar kasuwa nakan ga dattawa da tsumma a ƙwauri, ƙudaje na bin su. Ilimin da zai warkar da su ya haura shekara 100 a duniya. Kai shi ƙauyukan bakin iyaka nauyi ne a kanmu, mu da aka sayar da amfanin gona aka tura makaranta.