Ƙotar Wuƙa Tsakanin Damina da Hunturu

Idan ana zancen ƙira a ƙasar Kano, ƙarfe ake fara tunawa. Tarihi ya ambaci Abagayawa, maƙeran da suka taso daga Gaya suka zauna a gindin Dutsen Dala, kuma masu tonon kayan tarihi sun gano alamun narka tama a wurin tun wajen ƙarni na 7. Sai dai kaifi ba ya aiki sai da mariƙi. Da Heinrich Barth ya zo Kano a 1851, ya ƙiyasta cewa ruwan takobi kusan 50,000 ke shigowa kasuwa kowace shekara, akasarinsu daga Solingen ta Jamus, a nan kuma ake sa musu ƙota da kube. Ƙarfen baƙo ne, ƙotar kuwa aikin gida ce.

Babban abokin gaban ƙota shi ne sauyin yanayi. A ƙauyukan Ɗambatta, Bichi da Makoɗa, itace kan sha laima a watan Agusta ya kumbura, sannan hunturu ya tsotse shi ya motse. Ƙotar da aka sassaƙa da ɗanyen itace takan tsage, ko ta saki gindin wuƙar, mahauci ya yanke hannunsa ana tsakiyar fiɗa.

Maganin da masassaƙa da maƙera suka gada ya fara ne daga zaɓen itace. Ƙirya, wadda gara ba ta cika kusanta ba, da marke da aduwa, duk masu tauri ne. Ana barin gungumen ya bushe a inuwa a hankali, domin rana takan busar da bayansa kafin cikinsa, daga nan tsagewa ke farawa. Bayan sassaƙa sai a shafe shi da man kaɗanya ko man gyaɗa, baduku kuma ya naɗe shi da fata. Ƙashi yana da tasa matsalar: maiƙon ɓargo kan tsattsafo ya yi wari, don haka sai an dafa shi an rabu da maiƙon kafin ya bushe.

A yau masu ƙera wuƙa a Amurka da Turai suna zuƙe iskar cikin itace da na'ura, su cusa masa roba mai ruwa, su gasa ta daskare. Manufar ɗaya ce da ta magabata, wato hana laima shiga da fita.

Duk wannan ilimi ya dogara ne da itacen gona. Binciken Michael Mortimore, wanda ya faro a shekarun 1960, ya nuna cewa manoman kewayen Kano, duk da cunkoson jama'a, suna kiwon itatuwansu kamar dukiya. Ita ƙirya kuwa jinkirin girma gare ta, ga masu gawayi suna nemanta. Wanda ya sare ta bai bar wata ta taso ba, jikansa wuƙar roba zai saya a kasuwa.