Daga Gonar Gwaji Zuwa Kaskon Awara

Duk wanda ya bi ta Danchuwa da la'asar, ko ya ratsa kasuwar Potiskum, da wuya ya rasa ganin yarinya da farantin awara da ƙullin yaji. Abin ya zama jiki har yaran yanzu na ɗauka tare da ƙosai aka gaje ta, alhali kuwa waken suyan da ake yin ta da shi baƙo ne daga ƙasar Sin, kuma sai da aka yi shekaru ana fama kafin ya yarda da ƙasarmu.

A 1908 Turawan mulki suka fara gwada shi a Ibadan, bai yi ba. Aka sake gwadawa a Samaru a 1928. Daga baya wani iri mai suna Malayan ya karɓu a ƙasar Tibi, har aka fara fitar da shi waje a 1947. Sai dai noman sayarwa ne kurum. Manomi ya noma, a auna, jirgin ruwa ya kwashe, domin waken ba ya nuna da wuri a tukunya, ga kuma gafi.

Da Cibiyar IITA ta Ibadan, wadda aka kafa a 1967, ta shiga aikin a shekarun 1970, sai ta tarar irin Amurka mai yawan yabanya bai san ƙasar nan ba. Ya saba da dogon yinin bazarar can, don haka a nan yakan yi fure tun yana ƙarami. Irin da aka adana yakan mutu kafin damina ta zagayo. Babbar matsalar kuwa a saiwa take: wake na samun takinsa ne daga wasu ƙwayoyin halitta da ke yi masa ƙulli a saiwa, shi kuwa na Amurka ba ya hulɗa da waɗanda ke cikin ƙasarmu, sai an sayo masa nasa. Ina manomin ƙauye zai samo su? Masanan suka zaɓi sauya waken maimakon ɗora wa manomi saye, kuma a ganina nan ne hikimar take. Suka aura shi da irin Asiya da ke karɓar ƙwayoyin da waken gida ke amfani da su, aka sami jerin da ake kira TGx. Samaru ma ta fitar da Samsoy. A 1992 aka saki TGx 1448-2E, wanda kwansonsa ba ya saurin fashewa ya zubar da ƙwaya a gona. A 2008 aka saki TGx 1835-10E mai jure cutar tsatsa da saurin nuna, sifar da ta fi damun mai gajeriyar damina irin ta Yobe.

Saura tukunya. Kusan kashi 40 cikin ɗari na ƙwayar furotin ne, amma sai an ci yake amfani. A ƙarshen shekarun 1980 wani masanin abinci ɗan Japan, Osamu Nakayama, ya yi aiki a IITA kan daskarar da madarar waken da tumfafiya, kamar yadda ake yin cukun nono da Yarbawa ke kira wara. Da sana'ar ta iso Arewa, mata suka koma ga ruwan tsami, suka soya, suka barbaɗa yaji.